Leda ce ke cin gidajenmu a Damagaram

Hadari na haɗowa, sai ka ga yara da bokitin shara suna juyewa cikin kwata, wai ruwa zai tafi da ita. Ya tafi da ita ina? Leda ce ke toshe hanya, ruwan ya juyo mana cikin zaure. Jiya har gwiwa na kwashe a tsakar gida, katangar ƙasarmu ta jiƙe tana zubar da yaɓe. Ga waɗanda suka cike tabki suka yi gini a kai, sun hana ruwa makwancinsa. Tsohon masallacin Birni ma ya rushe a damunar 2024, muna gani! Shinkafa da tabarmar agaji, an gode, amma don Allah a yashe magudanun nan tun da rani.