Zafin Bazara Ba Ya Shiga Katin Asibiti

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibitin gwamnati a Birnin Kebbi cikin watan Afrilu ya ga abin da nake son magana a kai. Tun daga azahar ake fara shigowa da su: dattijo mai hawan jini da ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, ɗan kabu-kabu da ya wuni a rana har idonsa ya rufe, jaririn da gudawa ta tsotse, mai juna biyu da jiri ya kwasa a bakin murhu. Likita zai rubuta abin da ya gani, ciwon zuciya ko ƙarancin ruwa a jiki ko matsalar ƙoda, kuma gaskiya ya rubuta. Sai dai abin da ya koro su gaba ɗaya a yini guda, wato zafin da ya haura digiri 40, ba shi da gurbi a kati. Abin da ba a rubuta ba kuwa babu mai ƙirga shi, balle a ware masa kuɗi.

Jikin ɗan Adam yana son zama a kusan digiri 37. Idan gari ya ɗau zafi, jiki kan tura jini zuwa fata, ya fitar da gumi don ya huce. Aikin yana komawa kan zuciya, ita ke ƙara bugu, ƙoda kuma ta rage samun ruwa. Matashi mai lafiya zai jure. Mai ciwon suga, da mai sikila wanda ƙishirwa ke tayar masa da ciwo, da tsohuwar da ke shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, su ne ke fara faɗuwa. In zafin jiki ya wuce 40 mutum ya fara sambatu, to a sanyaya shi da ruwa nan take a kuma garzaya asibiti, domin ƙwaƙwalwa ce ta fara taɓuwa.

Na san amsar da za a ba ni: ai mun saba, a cikin zafin nan aka haife mu. Haka ne. Amma kakanninmu a ɗakin laka mai rufin azara suka kwana, da inuwar tsamiya a ƙofar gida. Mu kuwa bulo da kwano muka gina, wanda ke shan rana ya amayar da ita da dare, bishiyoyin sun tafi gawayi, wutar lantarki kuma ta ga dama. Daren da jiki ya kamata ya huta shi ne muka rasa, kuma a ganina nan ɓarnar ta fi yawa.

Mutanen Bamako, babban birnin ƙasar Mali, ma sun saba da zafi. A farkon Afrilun 2024, ana cikin goman ƙarshe na azumi, asibitin Gabriel Touré ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata gaba ɗaya 130 ne. A garin Kayes na ƙasar ma'auni ya kai digiri 48.5. Bayan wata biyu, alhazai fiye da 1,300 suka rasu a aikin hajji cikin tsananin zafi. Sabo bai hana ko ɗaya ba.

Ga kuma sankarau. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, amma busasshiyar iska da ƙura ne ke raunana hanci da maƙogwaro su buɗe mata hanya, cunkoson kwana kuma ya yaɗa ta. A Maris ɗin 2025 gwamnatin Kebbi ta sanar da rasuwar mutum 26, akasari a Gwandu da Jega da Aliero. Lokacinsa sananne ne, duk shekara yana bin rani.

To tunda abin yana da lokaci, me ya sa kullum yake zuwa mana bagatatan? Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da gargaɗin zafi, amma mafi yawa a intanet yake ƙarewa. Kamata ya yi gargaɗin ya isa Ma'aikatar Lafiya, daga nan ya sauka asibitocin Argungu da Yauri da Zuru, a ƙara ma'aikatan dare, a tanadi ledojin ƙarin ruwa da gishirin ORS, a tabbatar sola na juya fanka a ɗakin yara. Birnin Ahmedabad na Indiya ya fara irin wannan tsari a 2013, bayan zafin 2010 ya kashe mutane da dama, kuma yawancinsa sanarwa ce da ruwan sha da horar da ma'aikata.

Gidajen rediyo su faɗa da Hausa da Fulatanci da Dakarci. Limamai su tuna wa marasa lafiya rangwamen da shari'a ta yi musu a azumi. Masu noman rani a fadama su matsar da aiki zuwa sassafe da la'asar. Mafi sauƙi duka shi ne littafin rajistar sashen gaggawa: a ƙara layi ɗaya na zafin ranar kusa da adadin waɗanda aka karɓa. Bazara biyu ta isa kwamishina ya ga makon da ya kamata ya turo kaya.