Sabuwar nas da yaron da koko ya ƙona

Duk shekara sababbin nas-nas suna fitowa daga makaranta su yi shekararsu ta zagaye a asibiti. Hadda kam sun iya ta. Ka tambayi yarinya lissafin Parkland, wato na yawan ruwan da ake ƙara wa wanda ya ƙone, za ta zuba maka shi ba gargada: mililita 4, sau nauyin majiyyaci a kilo, sau kason jikin da ya ƙone, rabi a awa 8 na farko. A ganina wannan bai isa a bar mata gadon ƙaramin yaro ba tukuna.

A ce uwa ce daga unguwar Aboabo ta shigo asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi da ɗanta mai kilo 10, tukunyar koko ta kife masa a ƙirji da hannu, an laɓta wa wurin man goge baki. Ƙunar kashi 15 cikin ɗari. Lissafi ya ba da mililita 600, wato 300 a awa 8 na farko. To awa 8 daga yaushe? Daga lokacin da ya ƙone ake ƙirgawa, ko da an daɗe kafin a buɗe masa kati. Ita kuwa uwar ba ta agogo take ba a lokacin. Sai nas ta san yadda za ta tambaya: "Hajiya, kun yi sallar asuba kafin abin ya faru?" In ta ce suna idarwa ke nan, yanzu kuma ƙarfe 8 ta wuce, awa 3 sun tafi, ruwan nan a cikin awa 5 zai shiga.

Kashi 15 ɗin ma wa ya auna? Ma'aunin tara-tara, mai raba jiki kashi tara-tara cikin ɗari, na manya ne. Kan babba kashi 9 ne, na jariri ya kai ninki biyu, shi ya sa ake da taswirar Lund da Browder, mai nuna kason kowane sashen jiki gwargwadon shekaru, tun 1944. Tafin hannun yaron da yatsunsa kusan kashi 1 ne, nasa fa, ba na nas ba. Wurin da ya yi ja kawai bai tashi ba, ba ya cikin lissafi.

Inda na fi so a tsaya wa sabuwar nas shi ne bayan an ɗaura ƙarin ruwa. Fitsari ne zai faɗa mata gaskiya: ana son a ga kusan mililita 1 ga kowane kilo a awa. Yaro yana iya riƙe awon jininsa, wato BP, daidai har sai ya galabaita, don haka wadda ta jira awon ya faɗi ta makara. Sukarinsa yana saurin sauka, sanyi yana saurin kama shi in an bar shi a buɗe wajen wankin ciwo. Waɗannan a bakin gado ake koyonsu, babbar nas tana tambaya: me kika gani, me kike zaton ya jawo, me za ki yi kafin likita ya iso? Babbar ta yi shiru ta bar yarinyar ta amsa, ko da amsar ta karkace. Yarinyar da aka yi wa tsawa a gaban jama'a, gobe in ta ga fitsari ya ragu rubutawa za ta yi a takarda ta ja bakinta.

Haka ma uwar. A koya wa nas ta tambayi abin da aka shafa ba tare da faɗa ba, ɗanyen ƙwai ne ko manja, domin wadda aka kunyata ɓoyewa za ta yi. In hankalinta ya kwanta sai a gaya mata: ruwan famfo, minti 20, ban da ƙanƙara, sannan a taho asibiti.