Sabuwar manhajar waya: an gwada ta a Maigatari, ko a ofishin kamfani kaɗai?

A ranar 7 ga Afrilun 2025 kamfanin Samsung ya fara tura sabuwar manhajarsa, One UI 7, zuwa wayoyin jama'a. Tun watan Disamban 2024 take hannun masu gwaji, an jima ana jiranta har mutane sun ƙosa. Amma mako guda da sakinta sai kamfanin ya dakatar da turawa, domin rahotanni sun fito daga Koriya ta Kudu cewa wasu masu Galaxy S24 sun ɗora ta, wayoyinsu sun ƙi buɗewa. Aka gyara, aka ci gaba bayan 'yan kwanaki. A wajen kamfani magana ta ƙare ke nan. Ni kuwa ina ganin akwai sauran magana, domin duk shekara idan sabuwar Android ko iOS, wato manhajojin da ke tafiyar da waya baki ɗaya, ta kusa fitowa ana tambayar ko ta kammalu, kuma duk shekara ana amsa tambayar da ma'aunin mutanen da rayuwarsu ba ta yi kama da tamu ba.

Ga matsayina. Manhaja ba ta isa fitowa ba sai an tabbatar mai ƙaramin ƙarfi zai ɗora ta ya kwana lafiya: wanda memorin wayarsa ya cika, wanda a shago yake caji, wanda sai ya hau mota kafin ya ga mai gyara. In kuma ta ɓaci a hannunsa, ya zamana yana da hanyar komawa kan tsohuwar ba tare da ya rasa abin da ke cikin wayarsa ba. Duk manhajar da ba ta cika wannan sharaɗi ba, ko da ta yi wata shida a gwaji, ga mutumin Gagarawa ko Sule Tankarkar a jihar Jigawa ɗanya ce.

Mu duba yadda kamfanoni ke yanke hukunci. Suna fitar da samfurin gwaji, masu sha'awa su yi rajista su ɗora, su riƙa kai rahoton matsalolin da suka gani. Su wane ne waɗannan masu sha'awa? Galibi masu manyan wayoyi ne sababbi, masu intanet na gida da ba ya yankewa, masu wuta dare da rana, waɗanda in waya ɗaya ta mutu akwai wata a aljihu. Sannan ranar fitarwa ba gwaji kaɗai ke tsayar da ita ba, kasuwa na da baki a ciki. Apple kan saki sabuwar iOS a watan Satumba tare da sabuwar iPhone, ko ana ruwa ko ana iska. Google ma ya jawo Android 16 zuwa watan Yunin 2025, alhali Android 15 sai a watan Oktoban 2024 ta isa wayoyinsa na Pixel. Idan aka riga aka kafa rana, injiniyoyi kan zaɓi matsalolin da za su gyara yanzu da waɗanda za a bari sai an saki. Abin da ya fi damun masu gwaji shi ake fara gyarawa, kuma mu ba ma cikinsu.

Tarihi ya nuna ko manyan kamfanoni suna tuntuɓe. A watan Satumban 2014 Apple ya janye iOS 8.0.1 cikin kimanin awa guda, bayan ta ɗauke sabis a sababbin iPhone 6. A 2023 Android 14 ta hana wasu masu Pixel shiga ma'ajiyar wayarsu, musamman waɗanda suka buɗe fiye da mai amfani ɗaya a waya guda. A 2024 Apple ya dakatar da iPadOS 18 ga wani samfurin iPad Pro saboda tana kashe shi. Ba na kawo waɗannan don in ce kamfanonin ba su iya aiki ba. Kuskure dole ne a manhaja mai layukan umarni miliyoyi. Abin dubawa shi ne a kan wa asarar ke faɗawa, kuma yaya nauyinta.

Ka shiga shagon caji ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. Wayoyi jere a kan katako, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba, janareta na ruri a baya, zafi kuwa in bazara ce ya haura digiri 40. Dillalin dabbobi ya karɓi wayarsa cajin bai wuce rabi ba, domin akwai mai saye yana jiransa a kara. Yana kunnawa sai ga saƙo ya rufe fuskar wayar, da Turanci, da maɓalli biyu. Bai karanta ba, abin da yake so kawai ya ga alat ɗin kuɗin bijimin da aka tura masa. Ya danna wanda ya fi kusa da yatsansa. Daga nan wayar ta fara jan data. Babbar sabuntawa kan ci gigabait da dama, a lokacin da kuɗin data ya tashi tun da hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Sabis ya zo ya tafi, saukarwa ta tsaya ta sake tashi. In an yi sa'a ta kammala, wayar ta mutu ta kunnu da kanta, ta ɗauki minti ashirin ko fiye tana juya tambari, mai saye na tsaye. In ba a yi sa'a ba, a tambarin za ta tsaya har gobe.

A nan ne asarar ƙauye ta bambanta da ta birni, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Wayar da ta maƙale a tambari sai mai gyara. Mai gyaran da ke da kwamfuta da fayil ɗin da ya dace yana Gumel, ko Hadeja, ko Dutse, wani lokaci ma sai an dangana da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Maganin da ya fi saurin zuwa hannunsa shi ne filashin, wato a wanke wayar tas a sake ɗora mata manhaja. Na sha jin wannan zance a gaban teburin masu gyara, kusan kalma ɗaya suke maimaitawa.

"Baba, za ta tashi, amma komai na ciki zai tafi. Kana da imel ɗin da aka buɗe ta da shi?"

"Wane imel kuma, yaro? Wanda ya sayar mini shi ya danna abubuwansa ya miƙo mini."

Tun 2015 Android ke da wani kulle na hana ɓarayi cin moriyar wayar sata: in aka wanke waya ta bayan fage, ba za ta buɗe ba sai an shigar da asusun Google ɗin da ke kanta a da. Tsari ne mai kyau ga wanda ya buɗe asusunsa da kansa. Amma a ƙauyukanmu mutum nawa ne suka san kalmar sirrin asusun da ke wayarsu? Mai shago ne ya buɗe, ko wani ɗan maƙwabci da yanzu yana Legas. Ga lambobin abokan ciniki na shekaru, ga hotunan rasit, ga saƙonnin murya na WhatsApp waɗanda su ne shaidar bashin da ake bin mutane, domin wanda bai yi boko ba da murya yake ajiye lissafinsa. Matar da ke sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli daga cikin gida, duk masu odarta a wayar suke. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 mutane da yawa suka koma transfa, waya ta zama ita ce aljihu. Kamfani na iya janye manhaja cikin awa guda ya ba da haƙuri, amma wanda ta riga ta hau wayarsa ya yi asarar kuɗin mota, da kuɗin gyara, da cinikin kasuwa guda, da abin da kuɗi ba ya dawo da shi. Kuma ba zai taɓa shiga ƙididdigar kamfani ba, domin ba shi da inda zai kai ƙara.

Akwai wata ɓarnar da ba ta da hayaniya. Waya ta karɓi sabuwar manhaja lafiya, amma ta yi nauyi, ta riƙa tsayawa, batirin da ke kai mutum magariba yanzu la'asar ta yi ya mutu. A Turai an hukunta kamfanoni kan irin wannan. A 2018 hukumar kare gasa ta Italiya ta ci tarar Apple Yuro miliyan 10, Samsung kuma miliyan 5, kan sabuntawar da ta rage ƙarfin tsofaffin wayoyi. A 2020 Faransa ta ci Apple tarar Yuro miliyan 25 saboda bai sanar da mutane cewa manhajar tana rage saurin wayoyi masu tsohon batir ba. A wajenmu mai waya cewa zai yi ta tsufa, ya karyar da ita ya ciwo bashi ya sayi wata. Ga mai biyan kuɗin caji kullum, batirin da ya ragu da awa uku kuɗi ne ke fita daga aljihunsa.

Wani zai ce to ai sai a daina sabuntawa gaba ɗaya, a huta. Ban yarda da wannan ba, kuma ina jin tsoron yadda shawarar ke yawo a bakin wasu masu gyara. Sabuntawa iri biyu ce. Akwai ƙanana na tsaro, masu toshe ƙofofin da 'yan damfara ke bi. Tun bayan da aka gano raunin Stagefright a 2015, wanda ya nuna ana iya kutsawa wayar Android ta saƙon bidiyo, Google ya fara fitar da gyaran tsaro wata-wata. Wayar da ke ɗauke da manhajar banki tana bukatar waɗannan, kuma yawanci ba su da nauyi. Sannan akwai manyan da ke sauya fasalin waya baki ɗaya, su ne nake cewa a yi hattara da su. Wanda ya ƙi duka biyun ma ba zai tsira ba, domin wata rana manhajojin da yake amfani da su za su juya masa baya, kamar yadda WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5 a watan Oktoban 2023.

Gaskiya ma, matsalar yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu ta haɗa biyu: ba sa samun gyaran tsaro na dogon lokaci, kuma abin da ya zo ba a san irin gwajin da aka yi masa ba. Google da Samsung sun yi alkawarin shekara bakwai na sabuntawa ga Pixel 8 da Galaxy S24, amma wa ke riƙe da su a Kaugama? Wayoyinmu Tecno ne da Infinix da itel, duka na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, wanda ke da kusan rabin kasuwar wayoyin zamani a Afirka. A yaba masa inda ya cancanta: ya kawo waya mai layi biyu da babban batir, da kyamarar da ke fitar da baƙar fata da kyau, har da Hausa a jerin harsunan waya. Wanda ya iya wannan nazari a kanmu lokacin da yake neman mu saya, zai iya yin irinsa lokacin da zai turo mana manhaja. Masu gyaran Farm Centre sun san ciwon kowane samfuri fiye da duk wani rahoto. Ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa. Me zai hana a ba su samfurin gwaji a kan ƙananan wayoyi, su kai su ƙauye, inda sabis ke rawa kuma memori ya cika da wa'azi da hotunan biki?

Dabarar kariya ma akwai ta. Tun 2016 Android ke da tsarin da ke ɗora sabuwar manhaja a wani ɓangare daban tana barin tsohuwar, ta yadda in sabuwar ta ƙi tashi waya za ta koma kan ta da. Bai kamata wannan ya zama gatan masu tsada ba, tunda mai arha ne ya fi bukatarsa. Haka saƙon da ke fitowa: ya zo da harshen da mai waya ya zaɓa, ya faɗi yawan datar da za a ci, ya faɗi ko ana iya komawa baya, kuma kada ya fara saukar da komai da datar mutum sai ya yarda.

Hukumominmu na da hurumi a nan. NCC ce ke ba da izinin shigo da kowane samfurin waya ƙasar nan, don haka tana iya sa sharaɗin shekarun sabuntawa da hanyar komawa baya cikin abin da take dubawa. Tarayyar Turai ta yi irin haka, tun watan Yunin 2025 dokarta ta wajabta aƙalla shekara biyar na sabunta manhaja bayan an daina sayar da samfuri. Hukumar kare masu saye, FCCPC, wadda ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar Dala miliyan 220 a watan Yulin 2024, ta nuna tana iya tunkarar manyan kamfanoni in ta ga dama. Abin da ya rage shi ne ta buɗe ƙofar da mutumin karkara zai kai kuka da Hausa, ko da saƙon murya ne.

Kafin a kai can, mai waya ya yi abin da manomi ke yi da sabon iri: ba ya zuba shi a gona duka a shekarar farko, sai ya ga yadda ya yi a gefe ko a gonar maƙwabci. In babbar sabuntawa ta zo, a bar ta mako biyu ko uku, a tambayi mai gyara ko an fara kawo masa irin wannan waya da matsala. Kada a ɗora ta ranar kasuwa ko ana jiran kuɗi, kuma sai caji ya cika. Ga masu sayar da waya kuwa ina da roƙo guda, wanda ba ya bukatar izinin kowace hukuma: duk wanda kuka buɗe wa asusu, ku rubuta masa imel ɗin da kalmar sirrin a takarda ku haɗa masa da rasit, ku gaya masa ya adana ta inda yake ajiye takardar gonarsa, kuma ku nuna masa yadda zai canza kalmar in ya koma gida.