Kafin ku haɗa kuɗi ku sayi babbar mota da wadda kake so

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman direbobi da yaran mota na nan Jos, da ƙannenmu mata da Allah ya hore wa ɗan abin hannu.

Akwai wata shawara da ta yawaita a tsakaninmu, tun daga tashar Bauchi Road da Farin Gada har Bukuru. Saurayi ya daɗe yana jan motar wani yana kai balas, ya gaji. Yarinyar da yake nema, ko amaryarsa, ta samu kuɗin gado, ko ta kwashi adashi, ko tana da gwal a ajiye. Sai a ce mu haɗa mu sayi motar ɗaukar kaya ƙirar kanta, ko babbar daf in kuɗin ya kai, shi ya riƙa ja, ita ta riƙe lissafi. Niyyar mai kyau ce, ban kushe ta ba. Direban da ke jan motar kansa ya fi kowa tausayin inji. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake shiga harkar da fatar baki kawai, ba takarda, ba shaidu, wai don ana son juna.

Ku fara da sanin cewa kuɗin da direba ya shigo da shi gida ranar da ya dawo daga Legas ba riba ba ne. A ce an yi lodin dankalin Turawa na Mangu ko Bokkos, ko tumatir da kabeji daga Farin Gada zuwa kasuwar Mile 12, tafiyar kusan kilomita 1,000. A cikin kuɗin lodin nan za a fitar da na gas, da na ɗan kamasho, da abincin direba da yaronsa, da rasit iri-iri na kan hanya, da abin da ake miƙawa a shingaye. In ba a samu lodin dawowa ba, motar ta hawo arewa wayam tana shan mai a banza. A shekarar 2022 kaɗai litar gas ta tashi daga wajen naira 300 ta haura 800, sannan darajar naira ta faɗi a 2023, kayan gyara a Dilimi suka bi sahu. Taya da bakin mai da kuloci da birki duk suna da ranar da za su nemi kuɗinsu, kuma duk wanda ya taɓa gangara Hawan Kibo da kaya ya san birki ba abin da ake ɗage gyaransa ba ne. Motar da ta kwana biyu a lalace a Lakwaja ɗauke da kayan gwari, tumatir ya ruɓe, mai kaya kuma kai zai riƙe. Saboda haka wanda ya zuba duk abin da ya mallaka wajen sayen motar, bai bar komai na gyara ba, bai shirya ba tukuna.

Wannan ɓangaren direbobi sun fi ni saninsa. Inda nake so mu tsaya shi ne a kan kuɗin ita yarinyar.

Ƙanwata, kuɗin nan da za ki miƙa masa, mene ne sunansu? Kyauta ce, ko bashi, ko jari? Abu uku ne daban, kowanne da hukuncinsa. In kyauta ce, sun fita daga hannunki ke nan, kuma Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya halatta wa miji abin da matarsa ta ba shi daga sadakinta da daɗin rai, ba don kunya ko tsoron fushinsa ba. In bashi ne, abin da kika bayar shi za a mayar miki, ko da motar ta ƙone, amma ba ki da ko kwabo a ribar, don ƙari a kan bashi riba ce ta haram. In kuwa jari ne, kina da kasonki a abin da aka samu, rabi ko sulusi ko yadda kuka yi da shi, sannan in asara ta zo ta shafe ki gwargwadon abin da kika zuba. Yawancin rigimar da ke kai mutane gaban alƙali a nan take farawa. Lokacin da mota ke kawo kuɗi ita tana ganin jari ta zuba, ranar da inji ya buga ta ce bashi ne, shi kuma ya rantse cewa taimaka masa ta yi. Ba lallai ne wani a cikinsu ya yi ƙarya ba, ba su taɓa zama sun ambaci sunan abin ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta ware masoya ba.

Kai kuma ɗan'uwana, ka ji tsoron Allah a kan abu guda. Ciyar da gida wajibinka ne, da mota da babu mota. Kada ka yi cefane da kuɗin motar, ka biya haya da kuɗin makarantar yara, sannan ƙarshen shekara ka ce mata ai rabonta ya tafi a hidimar gida. Ka yanka wa kanka albashin direba kamar yadda ake biyan kowane direba, ka ɗauki kasonka na riba, daga nan za ka riƙe iyalinka. Nata kason nata ne, ko ta sayi fili, ko ta tura wa mahaifiyarta. In kuma wata rana za ka ƙara aure, kada lefen ya fito daga asusun motar da gwal ɗinta ya saya. Na ga gidajen da wannan ya rusa, kuma ba kishi ne ya rusa su ba, zalunci ne.

Akwai maganar da ba ma son yi, amma hanya ba ta da tabbas. In takardun mota duk sunan miji ne, Allah ya yi masa rasuwa, motar ta shiga gado gaba ɗayanta. Matar da ta biya rabin kuɗin ta koma jiran tumuni in akwai 'ya'ya, ko rubu'i in babu, in tana da abokiyar zama ma su raba tsakaninsu. Dangin miji ba za a zarge su ba in suka ce ta kawo hujja. Direba na ƙwarai, tun yana raye yake kare matarsa daga wannan tsayuwar.

Waɗanda ba a ɗaura musu aure ba kuwa, shawarata ku dakata. Baiko alkawari ne, ana fasawa. In aka fasa alhali akwai mota a tsakani, ko dai a yi ta jan juna a kotu, ko a yi auren dole saboda ba a iya raba dukiya. In kun matsu ba za ku jira ba, to waliyyinta ya shigo ciki, ya san adadin, ya sa hannu. Duk saurayin da ya ce miki kada ki gaya wa Baba ko Yaya sai mota ta iso, ki riƙe kuɗinki.

Tun ran gini ran zane. Ku yi wa sana'ar rajista a hukumar rajistar kamfanoni (CAC) da sunayenku biyu, a yi takardun motar da wannan sunan. Ku buɗe wa sana'ar asusun banki nata na kanta, saƙon shiga da fitar kuɗi ya riƙa zuwa wayoyinku duka. Kowace tafiya a ware na gyara kafin a yi rabo. Inshora ta zama ta gaskiya, lasin direba ya dace da girman motar, mai jan tirela rukunin G ake buƙata.

Sannan ku rubuta yadda za a rabu in zama ya ƙi: wa zai sayi kason wani, wane bakanike ko dillalin mota ne zai yi wa motar kuɗi, wata nawa za a ba mai biya. Ku kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki ya duba, lauya ma ya duba in da hali, shaidu biyu su sa hannu. A yi kwafi uku, ɗaya wurinka, ɗaya wurinta, na ukun a hannun waliyyinta.