Izini a hannunka yake, to ka taɓa zuwa ka tambaya?

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake kan maganar yaron nan na layinmu da aka kwantar saboda mashaƙo. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda aka taru a kan uwarsa, wai ta yi sakaci. Matar da ta ɗauki katin rigakafi, ta goya ɗanta za ta fita, maigida ya ce ta koma ciki, ita ce mai sakaci? Jama'a, ku ji tsoron Allah.

A gidajenmu kowa ya san mai yanke hukunci. Masu rigakafi su yi sallama, a leƙo a ce "maigida ba ya nan", shi ke nan magana ta ƙare. Ba ja nake da matsayin maigida ba. Amma mu maza mu sani, duk wanda ke riƙe da izini, neman sani ma a wuyansa yake. Ka hana, to da wane ilimi ka hana? Ka taɓa taka ƙafarka zuwa asibitin unguwarku ka tambayi ma'aikaciya amfanin allurar nan? Galibinmu ba mu taɓa ba. Saƙon murya ne kawai a WhatsApp, daga bakin wanda ko sunansa ba ka sani ba, da shi ka yanke wa jaririnka hukunci. Alhali buhun taki idan za ka saya, sai ka zaga kasuwa ka tambayi wannan ka tambayi wancan.

Na san za a ce Pfizer, kamfanin magungunan nan na Amurka. Eh, ya faru. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a Kano, cikin yara kusan 200 da gwajin ya shafa 11 suka rasu, wasu suka nakasa, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Ban ce a manta ba, ni ma ba zan manta ba. Amma Trovan maganin gwaji ne da aka ba yara marasa lafiya, ba rigakafi ba ne. Za a kuma ce 2003, lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin yana hana haihuwa. To ku ƙarasa labarin mana. An bincika, an kawo maganin daga Indonesiya, an ci gaba a 2004. 'Yan matan da aka ɗiga wa a wancan lokacin, yau wasunsu su ne ke goyo. Kuma a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna, bayan na ƙarshe da aka gani a Borno a 2016. Wanda ya tsaya a rabin labari, bai bincika ba.

Masu cewa ƙaddara, Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Masu cewa me ya sa rigakafi kyauta ne amma maganin zazzaɓi sai an saya, tambayarku tana kan hanya. Ku kai wa gwamnati ita, kada jariri ya biya bashin.

Don Allah ɗan'uwa, ka taɓa ganin yaro mai mashaƙo? Wuya ya kumbura, wata fata ta toshe maƙogwaro, yana neman numfashi yana kallon uwarsa. Tun ƙarshen 2022 cutar nan ta dawo mana, Kano ta fi kowace jiha shan wahala, kuma akasarin yaran da ta kama ba su samu cikakken rigakafi ba. Abin da ake nema a wurinka bai taka kara ya karya ba: allurar Penta, mai kare yaro daga cututtuka biyar har da mashaƙo, a sati 6, sati 10 da sati 14, ta ƙyanda a wata 9 a maimaita a wata 15. Idan kana da shakku, je da kanka ka tambaya, ka nemi a nuna maka kwalbar. Ka je. Kada ka zauna a majalisa ka yanke, sannan ranar da abu ya ɓaci a ce laifin matarka ne.

Ku kuma ma'aikatan lafiya, akwai naku. Penta tana sa zazzaɓi, cinyar yaro ta ɗan kumbura, ya kwana yana kuka. Ku riƙa faɗa wa uwa haka tun kafin ta tashi, da abin da za ta yi, domin kukan daren nan ne ke sa wasu mazan cewa ba za a sake komawa ba. Sannan idan ba za a buɗe kwalbar ƙyanda ba sai yara sun taru, ku rubuta mata ranar a kati. Mace ta biya kuɗin adaidaita sahu ta zo a ce ta dawo wani satin, ba kowace ce za a sake ba kuɗin motar ba.