Minti goma sha ɗaya a kumbon aro

Tun watan Yunin 2024, lokacin da hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Amurka mai suna SERA don a sama wa ɗan Najeriya kujera a kumbon New Shepard na kamfanin Blue Origin, abin yake ci mini rai. Kwanan baya a majalisarmu ta bayan Magariba a Gwammaja wani ya sake tayar da zancen, yana cewa ai mu ma mun kusa shiga sahun manyan ƙasashe. Wane sahu, Malam?

Kumbon nan fa cilla mutum sama yake yi ya ɗan haura kilomita 100, abin da bai kai nisan Kano zuwa Zariya ba, sannan ya sauko da shi da lema. Tafiya da dawowa kusan minti goma sha ɗaya, ko kewaya duniya ba ya yi. Fasinja ba ya tuƙi, ba ya gyara, iyakarsa ya leƙa taga ya ɗauki hoto. Wanda ya ari doki ranar hawan Nasarawa shi ma ana yi masa tafi, amma da yamma zai mayar wa mai shi, har da linzami. Masu cewa ai kujerar kyauta ce, kuma za ta zaburar da yara, su fara shiga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na makarantar gwamnati mafi kusa da su, in ma akwai, sai mu yi magana.

Aikin gaske a ƙasa ake yin sa. An harba kumbon Amurka marar matuƙi Voyager 1 a 1977, yau yana can bayan duk duniyoyin da ke kewaya rana, saƙo daga nan zuwa gare shi kan ɗauki kusan kwana guda. Ƙarshen 2023 ya fara turo shirme. Injiniyoyin NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, suka zauna watanni suna lalube, har suka gano wani ɗan guntun ƙwaƙwalwar kwamfutarsa ne ya mutu, suka kwashe umarnin da ke cikinsa suka rarraba a wasu wurare, a watan Afrilun 2024 kumbon ya dawo hayyacinsa. Ba su taɓa shi da hannu ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar waya ta Farm Center a Kano yana kallon yaro ya ɗora wayar da ta sha ruwa a ƙarƙashin madubi, yana bin layukanta da ɗan tsinke har ta kawo wuta, ya san irin wannan kan muna da shi. Wurin sa shi aiki ne babu.

Su kuma masu cewa mai yunwa ba ruwansa da taurari, Indiya ta ishe su amsa. Da talaucin nata ta kai kumbon Mangalyaan duniyar Mars a 2014 da kimanin dala miliyan 74, a gwajin farko, sannan a watan Agustan 2023 ta sauke kumbon Chandrayaan-3 kusa da ƙuryar kudancin wata. Ba kujera ta roƙa ba.

Abin haushin, mu ma mun taɓa ɗaukar hanya. An harba tauraron ɗan adam ɗinmu NigeriaSat-1 a 2003. A 2011 aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyinmu suka haɗa da hannunsu a Ingila, tare da NigeriaSat-2 da aka tsara zai yi shekara bakwai yana aiki. Ku lissafa da kanku. Irin waɗannan taurarin ɗan adam ne ke nuna yadda ruwa ke cika madatsa, da inda hamada ta ci. Bayan abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumbar 2024, duk mai gona a Kadawa yana da haƙƙin ya tambaya da wane ido ake duban madatsun Tiga da Challawa.

A sabunta taurarin nan, a ba ɗaliban injiniya na Bayero da Wudil kuɗin ƙera ɗan ƙaramin tauraro ko da girman bulo ne. In ya faɗo, su sake wani.