Ben Simmons ne, ba Fultz ba

Jiya a majalisarmu aka tayar da gardamar wane ɗan wasa ne ya fi ba magoya bayan Philadelphia 76ers (Sixers), kulob ɗin ƙwallon kwando na gasar NBA ta Amurka, haushi a tarihin kulob ɗin. Da yawa suka ce Markelle Fultz. Ni ban yarda ba, Ben Simmons na ce, kuma tunda hayaniya ba ta bari na ƙarasa magana ba, bari in faɗa a nan.

Na san dalilinsu. A 2017 Sixers na da dama ta uku a zaɓen sababbin 'yan wasa, suka ba Boston ita har da ƙari don su hau ta ɗaya su ɗauki Fultz. Boston ta koma ta uku ta ɗauki Jayson Tatum, wanda ya ci mata kofi a 2024. Shi kuwa Fultz wasa 33 kacal ya buga mana a kaka biyu aka tura shi Orlando. Amma yaron nan ciwo ne ya same shi. Likitoci sun gano jijiyoyin da ke tsakanin wuyansa da kafaɗarsa ne suka matse, shi ya sa hannunsa ke maƙalewa in ya zo jifa. Wanda ya ga yadda yake jujjuya ƙwallo daga hannu zuwa hannu kafin jifan kyauta tausayinsa zai ji. Ba na riƙe mutum da laifin abin da jikinsa ya yi masa.

Andrew Bynum kuwa sayen kifi a ruwa ne. A 2012 aka ba da Andre Iguodala da Nikola Vucevic a cinikin da ya kawo shi, ya karɓi albashin kaka guda bai taka fili ko sau ɗaya ba, gwiwar ma ya ƙara fama ta a wajen wasan bolin. Wannan laifin masu ciniki ne. Jahlil Okafor ma, wanda ya buga wa Najeriya a gasar Olamfik ta Tokyo, an ɗauke shi na uku a 2015 alhali Joel Embiid da Nerlens Noel na wurin da yake bugawa. Ina za a sa shi?

Simmons dabam ne, saboda shi mun ga abin da zai iya da idonmu. Dogo ne sosai amma yana riƙe ƙwallo kamar ƙaramin ɗan wasa, ga gudu, ga tsaron da ba kowa ke wuce shi ba. Shi ne gwarzon sababbin 'yan wasa a 2018, sau uku a jere yana shiga wasan taurari. Kulob ya ba shi kwantiragin shekara biyar na kusan dala miliyan 170. Mun jure kakar 2015 zuwa 2016 da muka ci wasa 10 muka sha kashi 72, ana ce mana mu yi haƙuri da tsarin Sam Hinkie, manajan kulob na lokacin, kuma Simmons ne ladan wannan haƙurin. Abu ɗaya aka roƙe shi shekara da shekaru: ya koyi jifa daga nesa. Duk hutu sai a sako bidiyonsa yana jifa a wajen atisaye, kaka na farawa sai ya ɗauke wuta.

Daren 20 ga Yunin 2021 ban runtsa ba. Wasa na bakwai da Atlanta a zagayen neman kofi, wanda ya faɗi ya fita, a gidanmu, ni kuma ina kwance da waya a ƙirji na rage sauti kada in tashi yara, ƙarfe uku ta wuce. Saura minti uku da rabi, Atlanta na gaba da maki biyu. Simmons ya juya ya wuce Gallinari na Atlanta, ga shi ga kwando, ba kowa kusa sai Trae Young nasu da bai kai masa kafaɗa ba. Miƙa hannu kawai zai yi ya dumbuƙa. Sai ya miƙa wa abokin wasansa Matisse Thybulle. Aka yi wa Thybulle ƙeta, ya ci ɗaya ya zubar da ɗaya. Na tashi zaune ina salati. Tsoron a yi masa ƙeta ne ya hana Simmons, don a wasannin neman kofin shekarar jifan kyauta 25 kawai ya ci cikin 73. Muka faɗi 103 da 96.

Daga nan bai sake sa rigarmu a wasa ba. Ya ce hankalinsa ba a kwance yake ba, kuma ba zan ƙaryata shi ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma Embiid ɗan Kamaru ya ɗauki rabin kaka yana jan kulob shi kaɗai da gwiwoyinsa masu ciwo, har aka yi musayar Simmons da James Harden a Fabrairun 2022. Rabonmu da kofi tun 1983, kuma a wannan daren na 2021 mu ne na ɗaya a rukunin gabas na gasar, a gidanmu, kwando a buɗe.

Malam Sani, kai da ka fi kowa ɗaga murya jiya, ina jiran ka gobe bayan Isha'i, shayin a kaina.